Gidan Dutse a Bangon Ɗakinmu

A unguwar Utaiƙa, can ƙasar Larabawa, ɗaki ɗaya muke da wani dattijo Bakano, direban motar kaya, kowa Baba yake ce masa. Maƙwabcinmu Bafalasɗine ne mai zane. Da rana fentin ƙofofin ƙarfe yake a masana'anta, in ya dawo ya hau zana ƙauyensu, wanda bai taɓa gani ba, don a gudun hijira aka haife shi.

Ranar da ya fara kiran mu shan gahawa, Baba ya tsaya gaban wani zane: gidan dutse, shuɗiyar ƙofa, itacen ɓaure. Mahaifiyar mai zanen ce, kafin ta rasu, ta zaunar da shi tana kwatanta gidansu yana zanawa, in ya kauce ta yi masa faɗa.

"Masha Allah, wannan ya yi kyau," in ji Baba.

"Tafaddal, naka ne, ya Hajji," in ji mai zanen, hannu a ƙirji.

Su a wurinsu tayin baki ne, ka yi godiya ka bar wa mai abu abinsa. Baba kuwa ya sauke zane ya rungume. Na taka masa ƙafa, ya harare ni. "Ba a mayar da hannun kyauta baya." Bawan Allah ya raka mu ƙofa yana murmushin yaƙe.

Daga nan kowace Juma'a sai ga shi. Ya zauna yana fuskantar bangon da Baba ya rataye zanen, ya sha shayin Baba, shayin da ni kaina don dole nake sha. Baba har kuri yake wa direbobi wai ya raba Balarabe da gahawa. Ni dai tausayin mai zanen ya ishe ni. Shi ba zai roƙa ba, mayar masa kuma cin fuska ne.

Ana haka aikin Baba ya ƙare, aka buga masa bizar fita ba dawowa. Mai zanen ya zo taya mu ɗaurin kaya. Da kansa ya naɗe zanen a bargo, yana shafa shi kamar mai bankwana. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ashe tsohon yana ganewa, sai dai a makare.

"Ya akhi, jirgi zai lalata shi," in ji Baba. "Ka ajiye mini. Amana ce, sai na dawo."

Mai zanen ya sumbaci kan Baba, yana dariya yana share ido.

"Ka huta sosai a Kano, ya Hajji. Kada ka yi saurin dawowa."