Ƙyallayen Magdalene a Jikin Gora

Duk wanda ya san bayan kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba ya san Baba Thaddeus. Ce kawai gidan mai gora, yanzu a nuna maka. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana ban-ruwan furanni a wata ma'aikata cikin gari, amma in ka tambaye shi abin da ya shuka a duniya, bayan ɗaki zai ja ka ya nuna maka gora tushe guda.

Abin dariya, ba shi ya dasa ta ba ma. Matarsa Magdalene ce ta haƙo saiwar a bakin rafin ƙauyensu, ta ɗauko ta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Irin gorar nan ce mai zama wuri ɗaya, ba ta bin ƙasa ta fasa katangar maƙwabci. Magdalene kuwa akwai doka. Ganyen da ya zuba ba a sharewa, shi ne takinta. Kowace damina sai ta yagi tsohon zaninta ta ɗaura wa sabon toho, kowace shekara da launinta. Wanda ya kai shekara huɗu a sare shi da rani tun daga gindi, na baya su sha iska. Ita ke nunawa, shi ke sara, suna yi suna gardama.

Da Allah ya karɓi abarsa, Baba ya rataye adda. Ina zai iya sare abin da hannunta ya ƙulla? Rani uku bai taɓa ko ɗaya ba. Gora ta cushe, tsofaffin suka bushe a tsaye, daminar ƙarshe toho biyu kacal suka leƙo, su ma a ƙanjame.

Maƙwabcinsa Malam Nababa mai lemo, wanda rumfarsa ma da gorar gidan aka kafa ta, shi ya kasa haƙuri.

"Baba, wallahi kashe ta kake yi. Da Mama na nan, da ka sha faɗa."

"Malam, ka bar ni. Abin da ya rage mini ke nan."

"To in ta mutu, me ya rage?"

Baba ya ji haushi ƙwarai, kwana biyu ko gaisuwa a daƙile yake amsawa. Rana ta uku da safe aka ji ƙarar wasa adda. Baba ya durƙusa gaban gorar da ke da shuɗin ƙyalle, na zanin da Magdalene kan sa zuwa coci, ya kwance ƙullin a hankali, ya sa a aljihu. Sannan ya sara. Ya yi kuka, bai ɓoye ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Nababa na jan su waje.

Ruwan fari na sauka, toho goma sha ɗaya suka fasa ƙasa, kowanne kamar damtsen mutum. Baba ya fito da ƙyallayen nan, ya wanke, ya shanya. Yatsunsa sun yi tauri, ƙullin ba ya kyau irin nata, amma ya ɗaura wa kowanne nasa.

Yanzu ran Lahadi za ka gan shi yana dogara sandar gora zuwa coci, da shuɗin ƙyalle a wuyanta. In ka tambaya, sai ya ce, "Ai tare muke zuwa."