Lasar Dutse a Watan Azumi

Har gobe ban manta da ranar da na yanke hukunci mafi gajarta a duk tsawon aikina ba, ko da yake, in za a bi gaskiya, ba ni na furta shi ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin labarin, kowa da ƙarin gishirinsa. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru, gwargwadon abin da nake iya tunawa.

A azumin shekarar 1958 ne, ana tsakiyar bazara. Ban daɗe da gama karatu ba aka ɗauke ni mataimakin jami'i a ma'aikatar binciken duwatsu. Ina cikin lokacin gwaji, wato shekarun farko da ake sa wa mutum ido kafin a tabbatar masa da aiki. Shugabana wani Bature ne da leburori ke kira Mai Lofe. Muna can ƙasar Sakkwato muna tonon ƙasusuwan dabbobin zamanin da, waɗanda daɗewa a ƙasa ta mayar da su kamar dutse, sai saƙo ya zo daga Di'on Zuru, jami'in mulki na yankin, cewa wani manomi a wajen ƙauyen Manga ya ga abu kamar ƙaton ƙashi a gaɓar rafi.

Mai Lofe bai gaskata sosai ba. Duwatsun Zuru ba irin masu adana ƙashi ba ne, kuma marmara, ƙasar nan da ke daskarewa ta zama dutse, takan ɗauki siffar ƙashi ta yaudari mutane. Amma tsakuwar tsohon rafi takan ɓoye abin mamaki, don haka ya ce in je in gani.

"Malam Haruna," in ji shi, "rahotonka na baya sau biyu na karanta, ban gane ko ka ga kogin ko ba ka gan shi ba. Wannan karon kalma ɗaya nake so ta waya: ƙashi ko dutse. In ƙashi ne, zan tashi sansani in zo kafin ruwan fari ya cinye gaɓar. In kuwa na kwaso motoci na tarar da marmara, kai ma ka san abin da zan rubuta a kanka."

Na ce na sani, ko kuma ina jin na sani.

A Zuru aka haɗa ni da leburori daga Rikoto, nan kusa da garin, da helumansu, wato shugabansu, Saje Bawa, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma ko gaisuwa zai yi sai ya haɗa ƙafa ya ce "sa", wato yallaɓai a bakin soja. Muka isa rafin muka tarar da abin: baƙi, mai nauyi, ya leƙo daga gaɓa kamar gindin turmi, ga 'yan ɓaraguzansa a ƙasa. Kafin in taɓa, wani dattijo mai kula da al'adun ƙauyen ya zo ya kafa mana sharaɗi. Rafin yana ƙarƙashin tudun da kakanninsu ke kwance. Dubawa da taɓawa ba laifi, amma ba a fita da ko tsakuwa, kuma baƙo ba ya kaiwa faɗuwar rana a wurin.

A nan ya kamata in yi bayani don waɗanda ba 'yan sana'ar ba. Idan ido da gilashin dubawa suka kasa rabe tsohon ƙashi da dutse, akwai gwajin da aka koya mana tun a makaranta: a taɓa abin da harshe. Ƙashi yana da ƙananan ramuka masu shan danshi, sai ya kama harshe. Dutse ba ya kamawa, galibi dai. To ga ni da azumi a baki. Da dare ba na wurin, kuma ba dama in tafi da ɓarɓashi masauki.

Washegari na sami wani malami a Rikoto, mutumin Kabi ne, na kwashe bayani na yi masa.

"Mi kac ce za ka yi?"

"Lasa, Allah gafarta malam. Ba haɗiyewa. Taɓawa ce da kan harshe, wataƙila ma ba duka kan ba."

"In dutse na, karhanci na kawai, azuminka na nan. In ko ƙashin mushe na, ka kai najasa bakinka da rana tsaka. To wane na?"

"Abin da nake son sani ke nan."

"To ka sani, sannan ka lasa."

"Ai sai na lasa zan sani."

Malam ya ajiye tasbaha ya dube ni. "Kai ba matafiyi na ba? Sha ruwanka, ka rama bayan salla."

Na ce da haka ne da an huta, sai dai tun a hanya na yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, saboda haka ina jin hukuncin matafiyi ya sauka daga kaina.

"Wa ya tambaye ka?" in ji malam. "Ɗana, na tsufa ina ba da fatawa, ban taɓa ganin mai rufe ma kansa ƙofa awa kai ba. Tashi, Allah shi ba ka mafita."

Da na gaya wa Saje Bawa, dariya ya yi har hularsa ta karkace. "Wannan ne damuwa, sa? Ni Kirista ne. A Bama na ci abin da ba zan faɗi sunansa a gaban mai azumi ba. Kawo dutse."

Muka koma rafi. Ya ɗauki ɓarɓashi, ya lasa kamar mai ɗanɗana miya, ya ƙame. "Ya kama, sa!"

Da ni wani ne, da magana ta ƙare. Amma sai na tuna cewa Saje ya ji ni ina cewa ƙashi ke kamawa, kuma mai yiwuwa ne, ba da gangan ba, harshensa ya bi abin da kunnensa ya ji. Na ce masa, cikin ladabi, harshe ɗaya ba ya zama hujja.

Fuskarsa ta canja. "Harshen da ya ba da oda a bakin daga?"

Na ba shi haƙuri, amma na tsaya a kan bakana. Na jera leburorin da ba sa azumi da wasu samarin Manga da suka zo kallo, na sa aka ɗaure musu ido da tsumma don kada su san wanne ne ɓarɓashin, wanne ne dutsen banza. Ku yi tunanin garada a layi, ido a ɗaure, harshe a waje, ni kuma ina bi da tsakuwa a hannu kamar mai rabon magani.

Gwajin bai tafi yadda na so ba. Zafi ya busar da bakin kowa, sai komai ya riƙa kamawa, har dutsen banzan. Na sa aka ba su ruwa, sai komai ya daina kamawa. Mutanen Manga, da suke son a ce a rafinsu aka sami abin, ko me aka ba su sai su ce ya kama. Wani lebura da ya gaji kuwa cewa ya yi shi dai gishiri-gishiri yake ji.

Ana cikin haka matan ƙauye suka biyo da tuluna. Wata dattijuwa ta sauke nata, ta matso kusa da wani dogon saurayi a layin, ta ƙare masa kallo. Ashe saurayin yana yi mata golmo, wato noman da saurayi kan yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Ta yi magana da harshensu, mata suka kwashe da shewa. Saje ya fassara mini: ta ce ashe wanda take shirin ba 'yarta mai lasar ƙasa ne kamar akuya. Saurayin ya fizge tsumman, ya ga ko wace ce, ya ruga cikin gona. Daga nan layi ya watse.

Sai iska ta taso daga gabas, sanyi-sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Kowa ya ɗaga kai. Hadari ne, bai yi kusa ba, amma manoma suka ce ba zai daɗe yana wasa ba. Saje ya zo ya tsaya a kaina.

"Sa, me za a buga wa Bature?"

Na ce ina tunanin a rubuta cewa akwai alamun da ke iya nuna ƙashi, sai dai sakamakon gwaji ya rabu, kuma ba a kore yiwuwar marmara ba.

"Kalma ɗaya ya ce."

"Na sani, Saje. Bari in ƙara dubawa."

Na tsuguna da gilashina, na ɗauki wani ɓarɓashi kamar ƙwayar dabino, ina juya shi. Saje da wani mutumin Manga suna musu a bayana, ga yunwar azumi, zuciyata tana wajen abin da Mai Lofe zai rubuta. Ƙura ta rufe fuskar ɓarɓashin. Ban san lokacin da hannuna ya kai shi bakina ba. Abin da aka yi shekaru ana koya wa mutum ba ya neman izininsa.

Ya kama. Ba irin kamun da ake musu a kai ba. Na saki hannu don firgita, abin ya tsaya yana reto a harshena.

Na miƙe ina son in ce kada a yi gaggawa, a bari a maimaita, amma abin da ya fito daga bakina bai fi kukan tinkiya ba. Saje Bawa ya haɗa ƙafa, ya sara mini, ya daka tsawar da na tabbata an ji ta a kan tudu: "Ya kama, sa!" Kafin in ɓamɓare abin daga harshena ya haye keken da nake zuwa rafin da shi. Ina kira, yana ƙara taka feda. A gidan waya ya sa aka buga kalma ɗaya da sunana: ƙashi.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na so in aika waya ta biyu in ɗan sassauta ta farko, sai na tarar Saje ya cire sarƙar keken, wai yana mata gyara, kuma gyaran bai ƙare ba sai da muka ji ƙugin motoci. Malamin Rikoto kuma, da na koma masa, cewa ya yi mantuwa ce, ban haɗiye komai ba, in kurkure baki in ƙyale shi ya huta. Duk da haka na rama ranar bayan salla, na ƙara wata saboda ko da.

Mai Lofe ya sauka, ya nemi izinin dattijon ya kankare gefen gaɓar kaɗan. Sai ga haƙori, lanƙwasasshe, ya kai tsawon damtsen mutum. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wannan ba kakan kowa ba ne a cikinmu. Ku ɗauka."

Muƙamuƙin wata dorinar zamanin da ne. Shekarunta nawa, masana ba su daidaita ba, ni ma ban ce ba. Abin da na gani da idona shi ne, da hadari ya haɗu na gaske, mutanen da suka yi ta yi mana dariya su ne suka fito da fartanya da kwanduna kamar ranar gayya suka taya mu tono, ba wanda ya kira su, har da dogon saurayin nan. Muna ɗora abin a mota, ruwa na sauka. Da safe gaɓar ta zube cikin rafi.

Mai Lofe ya ce wayar nan ita ce rahoto mafi kyau da na taɓa rubutawa. Na buɗe baki zan yi gyara, Saje ya taka mini ƙafa da takalminsa na soja. A ƙarshen shekarar aka tabbatar mini da aiki. Daga baya na gaya wa Mai Lofe yadda aka yi, ya ce ai ya sani, tun da ya ga babu "sai dai" a ciki.

Ban ce ku daina shakka ba. A sana'ar nan wanda ba ya shakka yakan cika akwati da marmara ya kira ta dabba. Amma damina ba ta jiran mutum ya gama shakkarsa, kuma irinmu, ina jin, muna buƙatar wani a kusa da zai gane lokacin da hujja ta isa ko da mu ba mu yarda ta isa ba. Shi ya sa tun daga lokacin, duk ƙaramin jami'in da zan tura daji, nakan zaɓa masa heluma kafin in zaɓa masa kayan aiki, kuma nakan bincika ko heluman ya iya keke.