Kanwa Ƙanwar Gishiri

Ko na manta komai na zamana a Sabha, ba zan manta ranar da wani Bakano ya yanke jiki ya faɗi a kan buhunan dabino ba, duk saboda kalma ɗaya ta Turanci da ya rantse ya sani.

A shekarun nan ne da Libiya ta buɗe ƙofa, ana ta cewa Afirka gida ɗaya ce, kowa ya shigo ya nemi abinci. Ni daga Damagaram na taho, shi daga Kano, muka haɗu a ɗaki ɗaya a Tayuri, unguwar baƙi da ke gefen gari. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare ya san zaman ba zai rasa tsiya ba. Ya girme ni, ya kuma taɓa 'yar boko, don haka duk abin da ya shafi Turanci shi ke fassara mana, ko ya gane ko bai gane ba. Aikinmu lodin dabino. Wani direba ɗan ƙasar, wanda ya koyi Hausa a hanyar Agadas, shi ke kwasarmu a kamyonsa, wato babbar motar kaya, zuwa gonakin Gudduwa.

Ana nan sai ƙafafun Bakano suka fara kumbura har silifas ya daina shiga. In ya kwanta numfashi ya gagara, sai ya jingina da bango. A asibiti likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Ya hana shi gishiri da ɗaukar kaya, ya ba shi ƙwayar da ke sa fitsari. Kumburi ya sace kuwa, aka mai da shi ɗinkin bakin buhu. Sai dai kamyo ba ya nisa sai ya bubbuga a tsaya masa, har direban ya ce in aka ci gaba a haka hanyar Gudduwa za ta yi ciyawa.

Bayan wani lokaci ya fara kukan ɗaurewar jijiya a ƙwauri da mutuwar jiki. Wata safiya ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, ya ce zuciyarsa na tuntuɓe. Na ji ta buga, ta yi shiru kamar ta manta, sannan ta kama gudu. Na ce masa kewar matarsa ce. Ya ce Badamagare me ya sani game da zuciya.

Ya koma asibiti shi kaɗai, aka ɗebi jininsa. Da ya dawo ya ce likita ya gaya masa fitsarin nan ya wanke wani abu daga jininsa, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai, sunansa butasiyum. An ba shi wasu fararen ƙwayoyi manya kamar ƙwallon dabino. Ya sha na 'yan kwanaki, ya ce suna ƙona masa ciki, ya ajiye.

“Bakin Larabawa ne ya murɗe kalmar,” in ji shi. “Fotash yake nufi. Fotash kuwa kanwa ce, ko yaro a Kano ya san wannan. Ka ga yau an samo amfanin ƙasarku, tunda daga can ake kawo mana ita.”

Tun da muke tare bai taɓa yabon wani abu namu ba. Kaina ya yi girma, na je wurin wata 'yar garinmu da ke sayar da kayan miya, na zaɓo masa kanwa mai kyau. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, idona kuma ya kawo ruwa. Da safe kunun kanwa, da rana ruwan kanwa a gora. Dabino kuwa ba ya kai shi baki. Ya ce abin da ya wuni yana kallo ba zai ci ba, sai dai a azumi.

Kumburi ya dawo, har ya fi na da. Da ya ga haka sai ya ƙara wa kansa ƙwayar fitsari, bai tambayi kowa ba.

Ran nan da hantsi muna gona, yana zaune a kan buhu da basilla a hannu, yana tsokanata wai ban iya ɗaure kaya ba. Bai ƙarasa maganar ba sai na ga basillar ta faɗi, shi ma ya bi ta. Na ɗauka wasa ne, sai da na ga idonsa ya juye. Direban bai tsaya sauke komai ba. Muka shimfiɗe shi a kan lodin, aka kama hanyar Sabha. Ina riƙe da wuyan hannunsa. Bugun ya zo, ya ɓace, in fara salati, sai ya dawo. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da nisa haka ba.

A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗaura masa ruwa. Likita ya tambaya ta bakin direban ko yana shan fararen ƙwayoyin. Na ce ya sami wanda ya fi su, na zaro kanwa daga aljihunsa na miƙa. Likita ya jujjuya ta, ya dafa kai, ya yi ta magana da Larabci. Direban ya dube ni ya ce:

“Ya ce wannan ba butasiyum ba. Kanwa kanwar gishiri ce.”

Shi bakinsa ba ya raba kanwa da ƙanwa, amma ranar na gane sarai. An hana mutum gishiri, mun kawo masa ƙanwarsa. Ita ke tara ruwa, ƙwayar fitsari tana ƙara kwashe abin da ya riga ya yi ƙaranci, zuciya ta rasa na riƙewa. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da tsayawa za ta yi. Ya ce fararen ƙwayoyin dole ne, gwajin jini ma dole, don abin in ya yi yawa shi ma illa ne. Sannan ya lissafa abincin da ke ɗauke da shi: tumatir, ayaba, dabino. Direban ya juya baya, kafaɗarsa na rawa don dariya. Ashe a kan maganinsa mutumin ya suma.

Da Bakano ya farfaɗo na zayyana masa komai, ina jiran ya ji kunya. Sai ya ce a hankali, “Likitan nan bai iya Turanci ba.” Nan na san zai tashi.

Ya tashi kuwa, ya koma gida, ya yi shekaru yana shan maganinsa. Da na kai masa ziyara Kano, matarsa ta kawo mini kunun kanwa, shi kuma ta ajiye masa dabino a faranti. Ya ce in sha, ai zuciyar Badamagare ta saba da wahala. Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, sunaye biyu su yi kama ba ya sa su zama abu ɗaya. In likita ya faɗi kalmar da ba ku sani ba, ku tsaya ya maimaita har ku gane. Kada ku ajiye ƙwayar da ya ba ku, kada ku ƙara wata da kanku. In kuma ɗan'uwa ya ce zuciyarsa na tuntuɓe, ku kai shi asibiti tukuna, tsokanar ta jira ku dawo.