Saratu Ta Hana Shuka Daga Makka

A Dakoro in ka ce Saratu, sai a tambaye ka wacce. In ka ce Saratu mai iri kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan, can gefen gari ta wajen hanyar Bader Goula. Gajeruwar mace ce mai kaifin baki, shekarunta sittin da 'yan kai. Tun da mijinta ya rasu, shekara goma sha bakwai ke nan, ita ke riƙe da gandu, kuma ba ta taɓa tambayar wani ɗa namiji ranar da za ta yi shuka ba.

Irin hatsin da ake kiranta da shi gadon uwarta ne. Zangarniyarsa gajera, ba shi da kyan gani a kasuwa, amma yana nuna da wuri, ko damina ta yi rowa sai ya ba ka na tuwo. A shekarar babbar yunwa, Saratu tana amarya, ta ga uwarta ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu tana gadi. Gidan ana cin dussa da ganye, yara na kuka, amma damin iri ba wanda ya isa ya taɓa shi. Wurin tsohuwar ta koyi awon ruwa. In sama ta zubar, sai ta je gona ta durƙusa ta tona ƙasa da hannu. Laima ta kai gwiwar hannu, a yi shuka. Ba ta kai ba, kowa ya koma gida, ko da gari duka ya fita. Takan ce ruwan farko maƙaryaci ne, sai ya yaudari iri ya tsiro sannan ya bar shi da rana.

To, bara tsutsa ta shiga hatsi ta yi ɓarna. Abin da Saratu ta iya zaɓa na iri dami huɗu ne kacal. Waɗanda ta taɓa ba su kuwa, wasu sun garwaya shi da na kasuwa, wasu sun cinye. Dami huɗun nan su ne suka rage a duniya, iyakar saninta.

Ana haka sai ɗiyarta Amatullahi, wadda ke aikin karɓar haihuwa a likita a Maradi, ta samo mata kujerar Makka. Kuma aikin Hajji ya faɗo daidai bakin damina.

Harisu, ƙanen mijinta, shi ya fi kowa murna. Ya zo yi mata barka yana washe baki. "To, Yaya, bana dai maza za su yi shuka. Ki tafi ki yi ibada, ki bar mana gona."

"Mazan da suka shuka sau uku bara?" in ji ta. "Ina can, amma ba mai buɗe rumbuna sai na ce."

"Daga Makka?"

"Daga Makka."

Ta faɗi maganar ba ta san yadda za ta cika ta ba, haka take. Amatullahi ce ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Layinta na nan ba zai yi mata amfani a can ba, in ma ya kama, gaisuwa ɗaya ta cinye kuɗin da ke ciki. Amma akwai wani layi da ake saye ta intanet, ba shi da kati, yana zama cikin waya da megansa, wato data ta shiga intanet, kana sauka ƙasar ya fara aiki. 'Yar wayar Saratu mai maɓalli ba ta ɗaukarsa, don haka Amatullahi ta ba ta tata babba. Ta fiddo wata takarda mai zanen murabba'i, baƙi-baƙi kamar sawun kaji a kan gari, ta haska shi da wayar, ta ɗan danna, ta ce an gama.

"An gama mi? Ina layin? Ba ni in taɓa."

"Inna, ba a taɓa shi."

"Abin da ba a taɓawa shi zan jingina irin uwata a kai?"

Ta karɓe takardar, ta sa aka rubuta lambar ɗanta a baya, ta ƙulle a gefen zane. Amatullahi ta ce takardar ta gama aikinta, ko wuta za a iya hurawa da ita. Saratu ta ce ai ba a kanta take ɗauke da ita ba. Da aka ce in mega ya ƙare ta aiko a ƙara mata, sai ta haɗa rai. "Kin kai ni Makka, kuma in dinga roƙonki iska? Wanda kika zuba zai isa."

Ɗan nata shi ne Sadiƙu, ɗan fari, don haka bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai dai "kai". Magidanci ne mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, ƙarfi kamar sa, amma bai taɓa yanke shawarar komai a gonar ba. Ba laifinsa ba ne. Kafin ya buɗe baki uwar ta riga ta yanke.

A masauki Saratu ta riƙe megan nan yadda uwarta ta riƙe rumbu. Sauran matan ɗakin suna kiran jikoki, suna nuna musu hasumiya da tattabaru, ita tata wayar na ƙasan jaka. Sau ɗaya take buɗewa a rana, da hantsi, lokacin da a Dakoro ake fita gona. Ta saurari saƙon Sadiƙu, "Inna, ba ruwa", ta rufe. Hajiya Kausar, matar wani ɗan kasuwar Maradi da suke gado kusa da kusa, ta sa mata suna mai rumbu a waya. Saratu ta ce ta karɓa, Allah ya bar rumbun.

Kwana biyu bayan saukowa daga Mina sai saƙo ya canja. Ta danna kiran bidiyo yadda aka koya mata. Ga Sadiƙu a kan tudun gona inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, bayansa mutane sun watsu da sungumi, mata na bi suna jefa iri.

"Inna, an yi ruwa. Gari duk ya fita."

"Na gani. Tona."

Ya durƙusa, waya a hagu, ya cusa dama cikin ƙasa. Laima ta wuce wuyan hannu kaɗan, daga nan sai busasshen rairayi yana zuba tsakanin yatsunsa.

"Koma gida," in ji ta.

Sai ga fuskar Harisu ta cika wayar. "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah! Kina gaban ɗakinsa kina shakkar rahamarsa?"

"Rahamarsa ban taɓa shakka ba, Harisu. Kai nake shakka. Wanda ya aiko ruwan shi ya ba ni hannun awo." Ta ɗaga murya har matan ɗakin suka juyo. "Kai kuma, rumbu na rufe. Ka ji?"

"Na ji, Inna."

Harisu kuwa bai haƙura ba. Da shukarsa ta tsiro sai ya shiga aiko mata bidiyo kullum, dogo-dogo, yana zagaya gonarsa yana waƙa, sannan ya juya ya nuna tata fili fetal. Ita ba ta san wayar na sauke su da kanta ba, tana buɗewa suna shan mega kamar raƙumi a bakin rijiya. Kuma maganar gaskiya, tsoro ya kama ta. In ruwa ya ɗore, ita ce ta makara, gari ya yi mata dariya, 'ya'yan Sadiƙu su ci baya a girbi. Takan yi ɗawafi tana roƙon gafara, sai ta tsinci zuciyarta a gindin rumbu, ta yi istigfari ta sake.

Sama ta ɗauke kwana goma sha takwas. Bidiyon Harisu ya fara gajarta, daga baya ya daina zuwa. Sadiƙu ya ce shukar gari ta ƙone ƙurmus. Saratu ba ta yi dariya ba, don waɗanda suka yi asarar duk nata ne. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Wata safiya, saura kwana goma su taso, wani rubutu ya faɗo a wayar. Kausar ta duba ta ce megan ya kusa ƙarewa. A ƙarƙashinsa ga saƙon muryar Sadiƙu, wai an yi ruwa mai yawa. Ta kira. Ya durƙusa ba a ce masa ba. Hannu ya shiga, ya wuce wuyan hannu, yana ci gaba, ƙasa baƙa tana manne masa. Saratu ta kusa shigewa cikin wayar. Sai hoton ya tsaya cak, hannun na rabi a ƙasa, sannan ya ɗauke.

"Innalillahi! Ungo tawa," in ji Kausar. "Maza, ba ni lambar."

Saratu ta kwance gefen zane. Ta san bayan ruwa kwana biyu ne ake da su, in ƙasa ta sha iska an yi sallama da wannan shukar. Ta fiddo takardar ta juya bayanta. Ta daɗe tana kallon lambar da ba ta iya karantawa ba, abin da take gani shi ne hannun nan a cikin ƙasa, hannun mutum mai furfura a gemu yana jiran a ce masa jiƙe ne ko bushe. Kunya ta kama ta, kunyar kanta. Ta naɗe takardar ta mayar ta ƙulle.

"Bar shi."

"Ke Hajiya, kin haukace? Wata guda kina hana kanki waya saboda ranar nan!"

"Hannunsa na cikin ƙasa, nawa na Makka. In sai na faɗa masa, to irin ya mutu tun ban mutu ba."

Washegari Amatullahi ta ji labari ta ƙara mata mega daga Maradi. Matan ɗakin suka taru a kanta, wannan na lallashi, waccan na faɗa. Saratu ta tura wayar ƙasan jaka ta ɗora dabino a kai. Kwana goman nan ta rame, amma ba ta buɗe ba.

Ranar da ta dawo, an share ƙofar gida, an dama fura, mata sun cika tsakar gida suna jiran Hajiya. Motar na shiga Dakoro ta ce wa direba ya miƙe. Ya ce ai ga gidan can. Ta ce ta san gidanta, ya miƙe. Inda yashi ya hana mota ta sauka ta taka da ƙafa, da farin mayafinta, jama'a na binta a baya.

Rabin gonar ya yi tsanwa, layi-layi, tsiron ya kai tsawon yatsa. Ɗaya rabin an shuka shi daga baya, yanzu yake huda ƙasa. Ta durƙusa ta cusa hannu, laima har gwiwa.

Sadiƙu na tsaye kansa a ƙasa. "Saura yatsa uku laima ta kai gwiwa, Inna. Na kira, na kira, shiru. Baffa Harisu na ta faɗa in zuba duka. Sai na shuka dami biyu, na bar biyu a rumbu. Da ruwa ya sake zuwa bayan kwana shida, ya kai, na shuka ɗaya. Ɗayan na nan ban taɓa ba."

Saratu ta ɗago ta dube shi. Abin da ya yi, haka uwarta ta yi a daminar da ta biyo bayan yunwa, kuma ita ba ta taɓa ba shi labarin ba. Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu, ƙasa ta ɓata mata fuska da mayafin Makka.

Harisu ya matso yana sosa ƙeya. Shi da na kasuwa ya sake shuka, tsiron duk ba daɗin gani. "Sannu da zuwa, Hajiya Yaya. In Allah ya kai mu kaka, a ɗan sam mana irin nan."

Ta miƙe tana kakkaɓe hannu, ta nuna ɗanta da haɓa.

"Ni kake tambaya? Ga mai rumbu nan."