Kunnen Malam Datti

Duk direban da ya taɓa yin lodi a tashar Birnin Kudu ya san Malam Datti bakanike. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san ƙafafunsa, don su ne kullum a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin motar wani. Garejin nasa ba wani gareji ba ne. Inuwar darbejiya ce a bayan tasha, da akwatin sifanu, da benci mai ƙafa uku da aka tokare da dutse, da ƙasar da baƙin mai ya jiƙa har ciyawa ta haƙura ta daina fitowa. A nan ya tsufa.

Mutumin Wurno ne. Mahaifinsa ya so ya riƙe shi a gona, amma yaron da in ya ji ƙarar mota a titi sai ya saki fartanya ya tsaya sororo, wane noma zai yi maka? Da aka gaji da dukansa aka kai shi Kano wajen wani Malam Iliyasu mai gyaran motoci. Ya sha wankin noti, ya sha ranƙwashi, ya dawo gida da sana'a a hannu da tabon salansa a damtse. Ya auri Mero, suka haifi na haifa, suka aurar da na aurarwa. Waɗanda ya koya wa aiki kuwa duk sun watse, wasu sun koma acaɓa, wasu sun bi Abuja. Wanda ya fi su kai, Musaddiq, ya buɗe garejin kansa a Gwaram, yanzu har furfura ta fara masa.

Abu biyu ne suka yi wa Datti suna, haɗe-haɗe da kunne. A wannan yankin wa ya ga sabon inji? In naka ya buga, sai a tsinto gindin daga wannan gawar mota, kan daga waccan, a ce wa bakanike ga su nan, ka yi yadda za ka yi. To, wahalar ba a ɗaure noti take ba. A cikin inji akwai sandar ƙasa mai tura fistin, ita ce karanshaf, akwai ta sama mai buɗe bawul tana rufewa, ita ce kamshaf. Bel mai haƙora ne yake haɗa su su yi tafiya tare, kuma zaunar da shi daidai shi ake cewa taimin. In ya goce da haƙori ɗaya mota za ta tashi, za ta yi tafiya ma, amma ba ƙarfi, ga shan mai, ga zafi. In ya goce da yawa, fistin ya naushi bawul, aikin ya koma ɗanye. Masu ƙera inji suna yin shaida a jikin ƙarafan don a daidaita su, amma shaidar ta injin da ya fito daga gida ɗaya ce. Injin da kowane yanki nasa da ubansa daban, shaida ba ta cika gaskiya a kansa ba.

A nan kunnen Datti yake shigowa. Yana zaune yana shan koko mota za ta wuce, ko ɗaga kai ba zai yi ba zai ce, "Waccan haƙori ɗaya ta yi baya." A tsayar da ita a buɗe, a tarar haka ɗin ne. Direbobi har musu suke a kansa. Shi kuma, gaskiya, abin ya shiga kansa, don bai da gida mai bene, bai je Makka ba, kunnen nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi.

Sai kunnen ya fara tafiya. Na hagu ne ya riga, da wani ƙugi da ba ya ɗaukewa, sannan na dama ya bi a hankali. Datti ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi cewa "to, to" yana gyaɗa kai, ya koyi ɓata rai in bai ji tambaya ba don a ɗauka aiki ne ya sha masa kai. A gida ba a ɓoye wa Mero komai. Ita da take kiran sa sau uku daga bakin murhu kafin ya waiwayo?

"Malam, asibitin nan fa ga shi a bayanmu," in ji ta. "Mutane daga Gwaram suke tasowa, kai da ƙafa ma za ka je."

"Wa yake kawo mutanen Gwaram ɗin?" ya ce. "Ba direbobi ba? Su gan ni a layin likitan kunne, kafin azahar labari ya zaga tasha. Wa zai ƙara kawo wa kurma inji?"

Tsoronsa ke nan, da shi yake kwana da shi yake tashi. Mero ta yi maganar har ta gaji ta bari.

Ana cikin haka injin Ɗanbala ya buga. Ɗanbala direba ne, mutumin Kwandiko, sa'an Datti kuma abokin tsokanarsa tun suna samari. Tsohuwar motarsa ce ke jigilar mutanen ƙauyensu da buhunan riɗinsu zuwa Birnin Kudu, in ta tsaya shi ma ya tsaya. Aka jawo ta da igiya har gindin darbejiya. Da Datti ya sauke injin ya buɗe, sai ya ture hula ya yi tagumi, don abin da ya tsira a ciki bai taka kara ya karya ba.

Aka shiga tsince-tsince. Gindin inji aka samo wajen 'yan gwangwan, daga wata mota da ta yi hatsari. Kan injin Ɗanbala ya sayo a Kano, kuma da gani an taɓa kankare shi, ya rage kauri. Kamshaf na tsohon injin ne. Fulin da bel ke hawa kuwa Allah kaɗai ya san garejin da bai shiga ba, don shaida uku ce a jikinsa, ɗaya ta fenti, ɗaya saran kurfi, ɗaya an karta da ƙusa. Wannan hali na bakanikai yana da ban haushi. Kowa ya zo ya yi tasa shaidar ya wuce, ba mai goge ta wani, sai na baya ya zauna yana duba kamar mai bugun ƙasa.

Datti bai bi ta kan ko ɗaya ba. Ya kwance fulogin farko, ya zura sillen kara a ramin, ya sa sifana yana juya karanshaf a hankali. Karan ya yi ta hawa har ya tsaya cak, fistin ya kai ƙarshen sama ke nan. Ya koma kan kamshaf ya juya shi har bawul biyun nan suka rufe ruf. Hannunsa bai manta komai ba, ko da ido a rufe zai yi wannan. Amma da ya zo ɗora bel, sai haƙoran suka ƙi faɗawa. Kankarar da aka yi wa kan injin ta matso da sandunan biyu kusa, wurin da ya kamata ya faɗa tsakanin haƙori da haƙori. Dole ya zaɓa, ko ya matsa gaba da rabi ko ya ja baya da rabi.

A da wannan ba abin damuwa ba ne. Ka zaɓi ɗaya, ka tayar, ka saurara, injin da kansa zai gaya maka. Datti ya daɗe a tsaye da bel a hannu, gumi na bin gemunsa. Daga baya ya ja baya, ya ɗaure, ya ce wa Ɗanbala ya ba ta wuta.

Ta tashi. Direbobin da ke jiran layi suka matso kamar yadda suka saba, a ga Malam yana sauraro. Datti ya sunkuyar da kai gefen dama, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya a yi shiru. Babu abin da ya iso masa sai ƙugin da ke cikin kansa da wani gurnani daga nesa, wanda da injin niƙa ne ma haka zai ji shi. Ya dafa murfin injin, ya ji rawar ƙarfe a tafinsa, amma tafin hannu ba ya raba rabin haƙori. Mutane na kallon sa.

"Ya yi," ya ce.

Ranar bai ci tuwon kirki ba. Mero ta dube shi ta dubi kwanon.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, lokacin da tasha ta yi tsit kowa ya nemi inuwa, sai ga motar ta shigo tana numfarfashi. Ɗanbala ya fito ba tsokana ba dariya. Ya zagaya ya zauna a bencin ta hannun daman Datti, ya matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Malam, ba ta ja," ya ce. "Ɗan hawan da ke hanyar Gwaram sai da fasinja suka sauka. Mai kuma kamar ana zubarwa."

"Mai ne mara kyau ka sha," in ji Datti. "Ko kafireto."

"Taimin ne. Musaddiq ya saurara, ya ce ta yi baya."

Datti ya juyo ya dube shi. "Me ya kai motar da na haɗa wajen Musaddiq?"

Ɗanbala ya cire hularsa ya share zufa, ya mayar. Ya kalli ƙasa, sannan ya tuna, ya ɗago fuska yadda Datti zai ga bakinsa.

"Kullum can muke kaiwa, Malam. Duk wanda ka haɗa wa inji, in ya bar nan sai ya biya ta Gwaram. Musaddiq ya saurara, in da gyara ya matsa haƙori, in babu ya ce mu wuce. Shi ya ce kada a gaya maka. Wannan karon ne ya ce ba zai taɓa ba. Ya ce haɗin ya yi yawa, ga shaida uku a fuli, bai san abin da ke ciki ba, yana tsoron ya matsa fistin ya taɓa bawul. Ya ce a mayar wa Oga, shi kaɗai ya san inda ya ajiye komai."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Su waye suka sani?"

"Har mai shayi," in ji Ɗanbala.

Wallahi da Ɗanbala ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Datti ya tuna duk lokutan da ya lumshe ido ya ɗaga yatsa, manyan mutane masu iyali suka yi tsit suna jiran hukuncinsa, ashe lallaɓa shi suke. Kunya ta rufe shi, sai kuma wata irin gajiya ta biyo baya, wadda ta fi kunyar nauyi. Duk wahalar kallon leɓe, duk ƙin zuwa asibiti, duk faɗan da ya yi wa Mero, a banza.

"Ba don tausayi muke kawo maka ba," in ji Ɗanbala. "Hannunka babu irinsa daga nan har Dutse."

Datti ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauko sifana, ya buɗe gaban motar. Injin da zafinsa, ya naɗe hannu da tsumma. Ya sassauta bel, ya zame shi, ya matsa kamshaf gaba da haƙori ɗaya, ya mayar ya ɗaure. Ya juya injin da hannu zagaye biyu yana jin ko wani abu zai toge. Babu abin da ya toge.

"Tayar," ya ce.

Ɗanbala ya ba ta wuta, ya fito ya tsaya a gefensa. Wannan karon Datti bai sunkuya ba, bai lumshe ido ba. Fuskar Ɗanbala ya tsura wa ido. Ya ga ya karkata kai, ya ga ya miƙa hannu ya ja totur ya saki, ya ga haƙoransa masu jan goro sun bayyana.

"Ta yi, Malam. Wallahi ta yi. Ko sabuwa sai haka."

Datti ya rufe gaban motar, ya goge sifanar a jikin wandonsa, ya jefa ta a akwati. Ya koma bencin ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafa. Ɗanbala ya shiga ya sa giya, yana shirin juyawa, sai ya ga Datti ya yafuto shi. Ya leƙo ta taga.

"Kai direba ne, ba bakanike ba," in ji Datti. "Ka biya ta wajen Musaddiq ya saurara."