Gajeriyar Waya

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun tamanin, ina zaune gida a Illela ina jiran sakamakon sakandare, aka aike ni Kwanni, can tsallaken iyaka, sayen hannun wasan talabijin. Wanda ya ji haka zai ɗauka labarin nishaɗi zan bayar. Ni kuwa har yau ranar ba ta sake ni ba.

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Kwatano. A wata tafiya ya dawo da 'yar na'ura da ake jonawa a talabijin, a cusa mata kaset, sai mutum biyu su fito suna naushi da shuri. Kowane ɗan wasa yana riƙe da abin da muke kira hannu, wanda waya ta haɗa shi da na'urar. In yana gari, shi da abokinsa na ƙuruciya sai su tayar da ƙaramin janareta su shige ɗaki, ka ji suna zagin juna kamar yara. Ni dai nawa leƙe ne ta labule.

Sai motar ta kife a hanyar Sakkwato. Yayana ke tuƙi, abokin yana gefensa. Abokin bai kai asibiti ba. Shi kuma aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Da aka dawo da shi gida bayan watanni, jiki ya warke, amma mutumin da muka sani bai dawo ba. Yana kwance fuskarsa na kallon bango. In an gaishe shi ya ce lafiya, shi ke nan.

Wata rana da tsakar rana mahaifiyata ta tafi gaisuwa Tozai, na dama fura na kai masa. Na tarar da shi zaune bakin gado, sandarsa jingine, igiyar guganmu a cinyarsa. Ya yi mata zarge a baki ɗaya. Kansa a ɗage yake, yana duban azarar ɗakin.

Na ce, "Yaya, mi kaka yi da igiyar guga?"

Ya ce, "Gyara ta nika yi."

Sabuwar igiya ce, ba abin gyara a jikinta. Na ajiye furar, na miƙa hannu, ya sakar min ita ba musu. Na fita da ita na jingina da bangon rijiya.

Ban gaya wa kowa ba. Mahaifiyata na fama da hawan jini tun ranar hatsarin. Kuma a wurinmu wannan ba maganar da ake furtawa ba ce. In ta fita, ba shi kaɗai za ta bi ba, har 'ya'yan da bai haifa ba sai an nuna su da baki. Abin da hankalina na yarinta ya ba ni shi ne in zama ɓarauniyar igiya. Na ɓoye ta guga, sai za a ja ruwa in fito da ita. Na kwance ta shanya. Na kwance ta tunkiya, tunkiyar ta shiga madafi ta yi ɓarna. Mahaifiyata ta tsaya tsakar gida riƙe da ƙugu tana cewa, "Wai wane irin ɓarawo na wanga? Shi bar tunkiya shi ɗauki igiyarta?" Ni ma na taya ta mamaki.

Ana nan sai wata safiya ya tashi da fara'a. Ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski, ya cinye tuwonsa tas, ya ɗauki rediyonsa da ba ya bari a taɓa ya ba mahaifiyata kyauta. Ta shiga ɗaki ta yi sujada. Ni kuwa ban yi murna ba, don fara'ar ba ta yi min kama da ta mai samun sauƙi ba. Ta yi kama da ta mutumin da ya gama shirin tafiya.

Ya kira ni ya ce, "Gobe ki bi Gwaggo zuwa Kwanni ki sawo min hannu. Ɓera ya cinye wayoyin na da. Tahi da guda, a gwada bakin. Ki nemi sabon yayi, mai doguwar waya, mai kauri, wadda ba ta tsinkewa. In kwanta nan bisa gado in yi wasana."

Mahaifiyata na bakin ƙofa tana murmushi. Ta ce, "Ki zaɓo mishi mai kyau, kin ji ko? Kar ki duba tsada."

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, tana fataucin atamfa, don haka tsallaka iyaka a wurinta kamar shiga maƙwabta ne. Ta gama cinikinta, sannan ta kai ni wani shago na masu rediyo da kaset. Mai shagon dattijo ne mai barkwanci, yana kurɓar shayi. Na miƙa masa tsohon hannun, ya duba bakin wayar, ya ce akwai.

Ya zaro wani a kwali, falale kamar sabulun wanka, maɓallansa na sheƙi. Ya fara warware wayar, tana ta zuwa, tana ta zuwa, har ta zubo ƙasa ta yi tuli.

"Wanga shi na na zamani, 'yan mata. Kina zaure kina wasa, talabijin tana ɗaka. Dubi kauri." Ya taka baki ɗaya da ƙafa, ya naɗe ɗayan a hannu, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. "Kin gani? Ko rago kika ɗaure da ita, nan za shi kwana."

Gwaggo ta yi dariya ta ce, "To ka ba mu biyu, in ɗaure nawa ragon."

Ya ji daɗin dariyar, sai ya ƙara. Ya jefa wayar ta kan ƙarfen rumfarsa, ya ɗaura wata ƙatuwar rediyo a bakinta, ya saki. Rediyon ta tsaya a sama tana lilo a hankali, tana juyawa.

Ban san lokacin da na zauna kan benci ba. Kasuwar ta yi min nisa, kamar ina jin ta daga cikin rijiya. Har yau ban san ko wayar nan za ta iya ɗaukar mutum ba. A lokacin ban yi shakka ba ko kaɗan.

Na ce, "Baba, babu mai gajeriyar waya?"

"Mi?"

"Gajeriya. Siririya. Wadda ba ta da ƙwari."

Ya ajiye kofinsa. "Shekara da shekaru ina wagga sana'a, yau na fara ganin mai neman abin da ba shi da ƙwari. Hajiya, ɗiyar taki lahiya take?"

Amma ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon kwali. A ciki akwai irin na da, 'yar akwati baƙa mai sanda a tsakiya da jan kai, da maɓalli biyu a gefe. Ya ce tsakani da Allah a wasan dambe sandar ta fi daɗin juyawa, maɓalli ɗaya naushi, ɗaya shuri. Abin da ya kashe kasuwarsa waya ce. Siririya ce kamar taliya, yara na ja ta tsinke, kuma sai mutum ya zauna hancinsa na gogar talabijin.

Na auna ta a jikina. Daga yatsuna ba ta wuce ɗaya kafaɗar ba. Na naɗe ta a yatsa na ja kaɗan, na ji tana miƙewa kamar za ta saki. Na ce ita nake so.

Gwaggo ta ce, "Ke, ba doguwa yac ce ba?"

Na buɗe baki in yi mata ƙarya, sai hawaye suka riga ni. Ta dube ni, ta dubi rediyon da ke rataye har lokacin, ta sake dubana. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ce wa mai shagon, "Sauke abin can. Ka ba mu tsohon yayin, guda biyu."

A bayan a-kori-kura, tsakanin dilolin atamfa, na gaya mata komai. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun kafin azumi. Ta ce, "Ke kaɗai kika ɗauko wanga abu?" Ta riƙe wuyan hannuna har Illela. Da yamma sai ga ta da tabarmarta da ƙullin kayanta, wai ɗakinta na yoyo, za ta ɗan zauna da mu. Ruwa ko ɗigo bai sauka ba a shekarar tukuna. Ta shimfiɗa tabarmar a rumfar da ke ƙofar ɗakin yayana.

Na kai masa saƙon. Ya buɗe, ya warware wayar, ta ƙare tun bai gama miƙa hannu ba. Ya ja ta kaɗan tsakanin yatsunsa, kamar yadda na yi a shago.

"Wa yaz zaɓa?"

"Ni."

"Babu doguwar?"

"Akwai."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a idonsa, da fushi ne da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ba ta kai gado."

Na ce, "Sai ka sauko. Ga na biyu nan, ka koya min."

Ya ajiye su ƙasa, ya juya wa bango. Fara'ar nan ta ɗauke kamar an hure fitila. Mahaifiyata ta yi min faɗan da ba ta taɓa yi min ba, ta ce karatun bokon nawa bai hana ni wauta ba, yaro ya fara farfaɗowa na mayar da shi. Na shanye. Gwaggo tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba.

Kwanaki suka wuce a haka. Kullum da la'asar nakan tayar da janareta in zauna gaban talabijin ni kaɗai, ɗan mutumina yana tsalle inda ba a tsalle, yana naushin iska, ana kirɓa shi. Ba dabara nake yi ba, iyakar iyawata ke nan. Rannan sai na ji daga gado an ce, "Sunkuya mana. Ja sandar ƙasa. Ke wai ba ki ganin ƙafa tahe?" Ban waiwaya ba. Can na ji gadon ya yi ƙara, na ji jan jiki a kan tabarma, ya zauna gefena ya ɗauki ɗaya hannun.

Daga nan ya yi ta dukana a wasan, kullum, ba tausayi. Gwaggo kuma ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta sa wani dattijo aminin mahaifinmu yana zuwa su zauna su yi magana, ƙofa a rufe. Ban san abin da suke faɗa ba.

Wata la'asar na kusa cin sa karo na farko. Zumuɗi ya sa na fizgi hannun, wayar ta tsinke, ɗan mutumina ya tsaya cak. Yayana ya ɗauki guntun yana juyawa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Wagga ko kaza ba ta ɗaurewa." Sai dariyar ta karye. Ya ce, "Da kin sawo wadda nic ce..." Bai ƙarasa ba. Ya kifa fuskarsa a gwiwarsa guda, kafaɗunsa na girgiza, waƙar wasan tana ta maimaita kanta. Tun ranar hatsarin ban ga hawayensa ba sai rannan. Na zauna riƙe da sandar wasan, ban san inda zan sa idona ba.

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Yana nan da ransa, yana da shagon cajin batir kusa da tasha, yana da iyali. Mahaifiyata kuwa har gobe in an tuna zancen cewa take ni ce aka aika sayen mai kyau na kwaso tarkace, kuma ban taɓa gyara mata ba.

Mutane suna ce min abin ya wuce, in gode wa Allah. Na gode masa, ina kuma kan godewa. Amma ni ban fita daga shagon nan gaba ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya min ba igiyar ba ce, fara'ar ce. Duk gidan murna ake yi ranar da ya fi kusa da tafiya. Shi ya sa in wani nawa ya daɗe cikin baƙin ciki, sannan rana ɗaya ya wayi gari yana dariya yana rabon kayansa, ba na taya kowa murna. Nakan je in zauna kusa da shi, in ƙi tashi.