Mutanen Dogo a Ƙofar Kilinik

Ni ce na ɗauke Inna daga asibitin gwamnati, ba wanda ya sa ni. Kwananta tara a can da gyambo a ƙafa, irin na masu ciwon suga. Kullum in na taso daga biro, wurin aikina, sai in tarar ba a wanke ciwon ba, ko an wanke tun safe ƙuda na binsa. Ban ce ma'aikatan mugaye ba ne. Mace ɗaya ce ke zagaya ɗaki cike da gadaje, gumi na zuba, kowa na kiranta. Amma ni uwata na sani. Ranar da likita ya ce in ciwon bai daina ci ba sai an yanke ƙafar, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ita kuwa Inna, wallahi kamar biki take yi. Mutanen garinmu Dogo ba su yanke ƙafa daga asibitin ba. Motar safe za ta sauke su, mata da ƙwaryar fura, tsofaffi da goro a aljihu, su shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin iccen dogon yaro, a dinga shiga uku-uku. "Ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Wanda ya zo duba nasa ma sai ya leƙo ya duba naka. Inna na kwance tana lura: gidan wane sun zo, gidan wance sun aiko. A wurinmu dubiya ba wasa ba ce, da ita mutum ke sanin ko yana da mutane. Kan gaba a cikinsu aminiyarta ce, wadda muke kira Iya, tare suka tashi tun suna tallar gujiya. Ita ce ke ɓoye fura cikin mayafi tana ba mai ciwon suga! Sau biyu muna yi da ita a kan haka.

Na kai Inna wata kilinik mai zaman kanta. Ɗaki ita kaɗai, ga kilim na busa sanyi, ana wanke ciwo safe da yamma ba sai ka bi kowa da roƙo ba. Ni da na sa ɗiyana lakwal, makarantar boko ta kuɗi, dama na riga na yarda duk abin da ke da mai gadi a ƙofa ya fi. Sai dai suna da doka: dubiya daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, mutum biyu kawai, ba a shiga da abinci. Motar Dogo kuwa da la'asar take juyawa. Wanda ya jira huɗu sai ya kwana nan Damagaram.

Rana ta biyu da hantsi mai gadi ya leƙo ya ce, "Madam, kina da baƙi." Na fita na same su jere a jikin bango, cikin rana, ko inuwar kirki babu. Iya na gaba da ƙwaryarta. Da na je na roƙi likitan, ina jin da ya bari, mutum ne mai sauƙin kai. Ban je ba. Na kalli ƙwaryar raina ya ɓaci. Kuma tun da gaskiya na zo faɗa, ba ƙwaryar kaɗai na kalla ba. Na kalli ƙafafunsu futu-futu, na tuna daɓen da aka goge yana ƙyalli, na ji kunyar mutanena. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

"Iya, ku yi haƙuri, doka ce. Barci ma take yi."

"To ɗiyata, ki ce mata mun zo."

"Zan faɗa, in sha Allah."

Ban faɗa ba. Na san halin Inna. In ta ji an mayar da mutanenta daga bakin ƙofa, ranar za ta ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta, ko da za a yanke ƙafar har cinya. Sau uku suna dawowa, na ukun Iya ce ita kaɗai. Daga nan suka haƙura.

Inna ba ta riƙe waya, ta ce gaisuwar waya ba gaisuwa ba ce. Ƙofa kawai take kallo. Da an taɓa ta sai ta gyara ɗankwali, sai a ga mai allura ce.

"Yau ma ba kowa?"

"Wataƙila gobe, Inna."

Bayan sati ɗaya ta daina tambaya. Ta rage cin abinci, ta juya fuska bango. Ni kuma ɗakin ya ƙi zaunuwa gare ni. In fita farmasi sayen abin da ba a rubuta ba, in dawo, in kashe kilim, in kunna, in sake fita. Ciwon dai yana ta haɗewa, likita na murna. Nakan ce a raina, to ba ga shi ba, me kuma ake so?

Bayan sati uku aka sallame ta, na kai ta Dogo. Kafin mu sauke kaya gida ya cika da masu barka da arziki. Inna ta zauna kan tabarma tana amsawa ciki-ciki. Sai ga Iya ta shigo da sauri tana guɗa, ta durƙusa za ta rungume ta.

Inna ta ce, "A'a, ashe kin san hanya."

Wata maƙwabciya ta yi karaf ta ce, "Haba, ai mun je! Hana mu shiga aka yi."

Inna ko kallonta ba ta yi ba. "Da kun je, da ɗiyata ta gaya mini."

Duk idanu suka dawo kaina. Ina tsaye riƙe da moɗar ruwa. Iya ta dube ni ta daɗe. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiyarki, ƙawata. Ba mu je ba. Ki yafe mu." Sauran matan suka bar maganar a haka. A garinmu ba a kunyata ɗiya a gaban uwarta, suka haɗu suka rufa mini asiri.

Inna ta kama hannuna ta ɗaga. "Kun gan ta nan? Ita kaɗai ta tsaya mini."

Shekara biyu ke nan. Duk ƙarshen wata nakan shiga motar Dogo da maganar a bakina, in yi ta shirya ta tun daga tasha, in dawo da ita yadda na tafi. Inna na tafiya da ƙafafunta biyu, har rijiya take zuwa. Hanyar rijiyar ta ƙofar gidan Iya ta bi, kuma ba ta tsayawa ta yi sallama.